Kunnen Halliru na Hagu

Halliru ɗan kawuna ne, ni kuma ɗan gwaggonsa, wato taubasai muke, kuma tun muna wanka tsirara a gulbin Sabon Birni babu maganar da ban iya faɗa masa. Ni na gaji ginar rijiya wurin ubana, shi ya sa yake ce mini Gafiya. Ni ina ce masa Direba don in ba shi haushi, saboda shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki cikin jirgin sama bai taɓa zama kujerar matuƙi ba. Aikinsa ya zaunar da mutane, ya ɗaura musu bel, ya tura keken abinci, ya kwashe tire, ya goge aman wanda cikinsa ya juya. Ya faɗa wa mutanen gari haka har ya gaji. Su dai a wurinsu ɗan Jibrilla shi ke tuƙa jirgin Makka.

Yunwa ta kai shi can. Shekarar babban fari na farko, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a dajin Kurawa, ya gama makaranta a Sakkwato ya dawo ya tarar da rumbu uku na Kawu Jibrilla babu ko zangarniya. Ya bi motar albasa zuwa Ikko. Wanda ya yi masa tambayoyin ɗaukar aiki Bayarabe ne. Da ya ga zanen Gobirawa a kumatunsa sai ya ce yau ga bawansa ya kawo kansa, Halliru ya ce ai ya zo duba yadda bayinsa ke riƙe masa gari ne. Suka yi dariya. Amma ba dariyar ta ba shi aiki ba. Uwarsa, Inna Tasalla, mutuniyar Madawa ce ta ƙasar Nijar, don haka yana jin Faransanci, ga Turancin makaranta, ga ɗan Larabcin allo. Kamfanin kuwa yana neman wanda zai iya lallashin tsohon da ko bene bai taɓa hawa ba ya zauna ya daina neman buɗe taga.

Tun daga nan buhu ya fara zuwa. Kowane wata motar Sakkwato ta sauke shinkafa ko masara ƙofar gidan Kawu. Mutum goma sha bakwai ke ci a gidan. Damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ana hura wuta.

Shekarun farko in ya zo hutu, ƙamshinsa ke riga shi shiga zaure. Ya kawo dabino da ruwan zamzam, ya zauna tsofaffi su kewaye shi. Tambayarsu ɗaya ce kullum: tunda yana bi ta saman hadari, ina ruwan yake maƙalewa? Yakan ce musu daga sama hadari kamar audugar da aka shanya yake, kuma in jirgi ya baro Kano ya nufi gabas, akwai wurin da audugar ke ƙarewa sai jan ƙasa har iyakar gani. Ba sa son wannan amsa. Badi ma sai su sake tambaya.

Ni ƙafa nake kallo. A sana'armu ƙafar mutum ke fara gaya maka ko zai ƙara shekara a aiki. Wajen shekararsa ta shida, ya cire takalmi a ƙofar masallaci na ga idon sawunsa ya ɓace cikin kumburi. Da muka fito na dangwala masa yatsa a ƙwauri, ramin ya tsaya bai cike ba. Jijiyoyi sun taso masa a sharaɓa kamar an naɗa igiyar guga. Ya ce tsayuwa ce, awa biyar zuwa, awa biyar dawowa, kuma a sama jini ba ya son komawa inda ya fito. Matan gidansu suka ce ƙiba ce, jin daɗi ya karɓe shi.

Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ya fara gyangyaɗi da hantsi cikin mutane, ana magana da shi kai ya faɗi, saboda jikinsa ya daina sanin lokacin barci. Yana tari irin na tsohon mashayin taba, shi da bai taɓa kai ta baki ba, domin a bayan jirgi ake ajiye masu shan taba kuma nan ne wurin tsayuwarsa. Kafin a sauka shi ke bin layi yana fesa maganin sauro, ƙofofi a rufe, ya shaƙi rabi. Idonsa kullum ja, leɓensa a tsage, yana shan ruwa kamar raƙumin da ya fito Agadas. Ya ce mini iskar cikin jirgi ta fi ta bazarar Gobir bushewa. Na ce ya zo ya shiga rijiya gaba ashirin, sannan ya ba ni labarin iska. Mutane kuwa suka ce barcin rana na masu hali ne.

Sai fari na biyu ya zo, shekara goma bayan na farko. Wannan karon ba shanu kaɗai ba. Rijiyoyin da ubana ya gina tun ina riƙe masa fitila suka ƙafe, na wuni ina ƙara musu zurfi daga Gatawa zuwa Tozai, in ƙara gaba biyu in sami laka, bayan mako lakar ta bushe. An yi shuka sau biyu, rana ta ƙone ta sau biyu. Ƙannen Halliru maza uku suka bi mota kudu neman abin kai wa baki, aka bar Kawu da mata da yara, har yanzu baki goma sha bakwai.

Cikin wannan hali ya iso, bayan ƙaramar salla, da hutun mako shida. Bai taɓa samun hutu mai tsawo haka ba. Bai yi mako ba magana ta fara yawo: ɗan Jibrilla ya daina amsa gaisuwa. Baffa Amiru, tsoho mai sayar da igiya a kasuwa, abokin Kawu tun ƙuruciya, ya gaishe shi sau uku yana wucewa, ko waiwaye bai yi ba. Baffa ya naɗe tabarmarsa tun kafin azahar ya koma gida. Ya ce yaron da ya yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, yau don yana aiko buhu ya fi ƙarfin ya ce masa lafiya lau. A garinmu ana yafe wa mutum rowa, ana yafe masa faɗa. Wannan ba a yafewa.

Na same shi ɗakinsa ya jingina ƙafafu da bango. Na zage shi tas. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce in zagayo ta hagunsa in maimaita, rabi kawai ya samu.

Nan ya gaya mini. In jirgi yana sauka, iska na danne kunne daga waje. Mai lafiya ya haɗiye yawu, wata 'yar hanya tsakanin hanci da kunne ta buɗe, shi ke nan. In kana mura hanyar a toshe take, iskar ta yi ta dannawa har dodon kunne ya yage. Fasinja sau ɗaya yake hawa, ya sha wuyarsa ya manta. Shi lokacin jigilar alhazai yakan hau ya sauka sau huɗu a yini, cikin mutum ɗari uku da rabinsu ke tari. Kunnen dama ya fashe masa sau biyu. Na biyun a saukar Jidda ne, yana riƙe da tire, wata tsohuwa ta nuna masa jini a wuyan farar rigarsa. Daga nan kunnen ya yi ruwa, ya warke, ya mutu. Likitan kamfani ya duba na hagu ya ce shi ma yana da tabo, ya ba shi hutu, ya ce kada ya kuskura ya ƙara tashi da mura. Shugabansa kuma ya kira shi gefe ya ce in ya ƙara kawo takardar rashin lafiya, sallama ce.

Na ce to ya fito ya gaya wa mutane, ko Baffa Amiru ya huce.

"In Baffa ya ji, Baba ya ji. In Baba ya ji, ba ya bari in koma. Kai za ka ci da su?"

Ni ma ina da baki bakwai nawa.

"To bari su ce girman kai," in ji shi. "Girman kai ba ya hana buhu zuwa."

Inna Tasalla ce kawai ta lura yana karkata kai in ana magana. Ta yanke cewa iska ce ta shige masa kunne. Kowace safiya ta narka man shanu da tafarnuwa a ludayi, ta sa shi ya kwanta kan cinyarta kamar jinjiri, ta ɗiga masa da ɗumi. Likita ya hana shi barin ko ruwan wanka ya shiga. Bai gaya mata ba. Yakan kwanta ya ba ta na dama, wanda babu sauran abin da zai lalace a ciki, ya danne na hagu da tafin hannu. In ta ce ya juya, ya ce wancan lafiyarsa lau, kada a ɓata mai a shekarar yunwa.

Haka ya yi ta lallaɓa kunnen nan mako biyar. Ba ya wanka da ruwan sanyi. In iska ta taso ya naɗe kai da rawani, yara suna ce masa Buzu. Ni kaɗai na san abin da yake gadi.

Saura kwana takwas ya koma Kano, hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, ya yi ruwa na gaske. Da safe ana ta yayyafi da iska mai sanyi. Duk wanda ya san garinmu ya san ranar irin wannan ba a zama. Namiji ya ɗauki sungumi ya shiga gaba yana sara, mata da yara su bi shi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Mai jego ta fito, makaho ya riƙe ƙwaryar iri. Shuka ta uku ce, kuma irin da ya rage ke nan a kowane gida. Wanda ya bari ƙasa ta sha iska kwana biyu ya yi asarar shekara.

Na fito da sungumina na bi ta ƙofar Kawu. Kawu yana ta kokawa da nasa, ba zai iya kunya goma ba. Halliru yana tsaye cikin zaure da rawani da rigar sanyi, yana kallon yayyafi. Baffa Amiru da wasu mutum biyar suna wucewa a lokacin, suka rage tafiya suna kallonsa.

Za ni faɗi abin da na yi yadda na yi shi. Na san in Halliru bai fita ba, gonar Kawu a wuyana za ta faɗo bayan tawa, kuma ƙashin bayana ya riga ya gaji da rijiya. Na san maganar kunnen. Duk da haka na tsaya ta hagunsa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Direba, ƙasar ta yi maka ƙazanta ne, ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

Aka yi dariya. Wasan taubasai ne, na yi masa irinsa sau dubu. Ya dube ni, ba da fushi ba. Ya kwance rawanin, ya cire takalmi, ya karɓi sungumi daga hannun ubansa.

Kwana biyu ya yi cikin yayyafi da iska, da ƙafafun nan nasa masu kumburi suna nutsewa cikin yashi. Bai iya sara ba, hannunsa ya yi bororo tun kafin azahar, amma ya gama gonar har ƙarshenta. Baffa Amiru ya tsaya bakin gona ya ce ashe da sauran mutunci. Rana ta uku na same shi yana atishawa.

Babu abin da ba mu yi ba. Citta da kanumfari, sirace da ganyen dogon yaro har sai ya fito daga bargo kamar an tsamo shi a gulbi. Na hau keke na je Isa na karɓo ƙwayoyi a ɗakin shan magani. Hanci ya buɗe da rana, da safe ya sake toshewa. Yakan toshe hanci da yatsu ya hura a hankali yana sauraren ko kunnen zai buɗe, ya girgiza kai.

Ni na raka shi tasha. Na ce kada ya tafi. Na ce za ni je in gaya wa Kawu da bakina, kuma za ni ɗauki yara huɗu daga gidan su ci tare da nawa. Ya tambaye ni sauran fa. Na ce ga shuka ta fito, ya duba gonaki, kore ko'ina. Ya ce ko ta yi, sai bayan wata biyu da rabi a ci, kuma shi ya san inda audugar nan ke ƙarewa. Na ce ya roƙi a bar shi aikin ƙasa, ya ce lokacin jigila ba a sauraren wannan. Kwandasta yana ta kiran Sakkwato.

"Gafiya, zagayo nan," in ji shi, yana nuna hagunsa. "In da sauran zagi, yi shi yanzu tun ina ji."

Na rasa ko ɗaya. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce wannan ai ba muryata ba ce, ya shiga mota.

Ruwa ya ƙara sauka sau biyu ya ɗauke. Geron da Halliru ya shuka ya kai gwiwa, ya tsaya, ya yi fari, awaki suka cinye. Ko damin kara ba a ɗaure ba.

Abin da ya faru a sama, daga baya na haɗa shi, wani daga bakinsa, wani daga Hajiya Rahmatu ta Tozai da ta yi aikin hajji a shekarar kuma ta faɗo jirginsa. Sawu na farko da na biyu ya sha da ƙyar, yana tauna cingam yana haɗiye yawu, hawaye na zuba yana cewa hayaƙin taba ne. A sawu na uku, jirgi ya fara gangarawa Jidda, ya ji kamar ana soka masa tsinke, sai wani abu ya yi ɗas, sai zafin ya tafi. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro daɗin da ya ji. Hajiya ta ce ta ga ya tsaya tsakiyar layi ya dafa kujera, ya ciro hankici ya tura a kunne, sannan ya sunkuya ya ci gaba da ɗaura wa wani tsoho bel. Ta yi masa magana da Gobiranci ya yi mata murmushi ya ce sannu Hajiya, an kusa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya gama kai alhazai, ya yi jigilar dawo da su. Shekara goma sha ɗaya sun koya masa abin da fasinja ke so tun bai buɗe baki ba: mai son ruwa, mai neman bayi, mai jin tsoro, wanda zai yi amai. Da ido ya riƙa aiki. Wata abokiyar aikinsa ta gane, ta riƙa ɗaukar wayar matuƙi a madadinsa. Wata uku ya ja a haka, kunne na ruwa yana toshe shi da auduga, sai ranar da matuƙi ya tsaya bayansa ya kira sunansa sau huɗu. Aka kai shi wurin likita, aka sallame shi.

Abin sallamar da aka ba shi bai shigo da shi gida ba. Ya sauka kasuwar Shinkafi ya mai da shi dawa da masara, ya iso Sabon Birni zaune bisa buhuna a bayan akori-kura. Da wannan da buhunan wata ukun nan gidan Kawu suka kai damina ta gaba. Mutum goma sha bakwai, ba a fitar da gawa ko ɗaya ba. Gidaje da yawa a unguwarmu ba za su iya faɗin haka ba.

Ba shiru yake ji ba. Ya ce ƙugin injin ne a kansa, dare da rana, kamar jirgin ya ƙi sauka. In jaki ya yi kuka kusa da shi yakan ji kamar daga wani gari. Maganar mutum kuwa sai dai ya kalli baki. Kuma in ya tashi tsaye da sauri ƙasa ta juya masa, sai ya dafa bango.

Yanzu gari ya sani. Baffa Amiru ya zo ya durƙusa gabansa, tsoho da furfura, yana ta kwarara gaisuwa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Halliru ya kama hannunsa ya ce ya isa, Baffa, na gani. Kawu kuwa ya daina zama ƙofar gida. Inna Tasalla ta tare ni a soro ta tambaye ni ko man da ta ɗiga masa ne. Na ce ba shi ba ne, wanda ya ba ta ya riga ya mutu. Ta lissafa safiyoyin nan, sannan ta ce to mi ya kashe ɗayan. Na ce ruwan shuka. Gaskiya ce, amma ba duka ba.

Sauran gaskiyar na kai wa Halliru da kaina. Na same shi bayan gida yana zaune a inuwar rumbu. Na tsuguna na rubuta a ƙasa da tsinke cewa ni na jawo. Ya karanta, ya sa ƙafa ya share.

"Gonar ubana ce," in ji shi. Muryarsa ta fara fita da ƙarfi fiye da yadda yake nufi. "Kai dai bakinka ya fi rijiyarka zurfi. Samo mini aiki, zama zai kashe ni."

Aiki ɗaya nake da shi. Mai gina rijiya yana shiga da igiya biyu, ɗaya ta guga mai fitar da ƙasa, ɗaya ɗaure a ƙugunsa. Wanda ke riƙe da ta ƙugu a sama, ranka na hannunsa. Da na ce Halliru zai riƙe tawa, Wada, wanda ya shekara takwas yana ja mini guga, ya ce na haukace, in na yi kira wa zai ji. Na ce su masu jin, rabin yini hira suke. Muka shirya da Halliru: in na ja sau ɗaya a ɗaga guga, sau biyu a sassauta mini, sau uku a fitar da ni. Ya naɗa igiyar a hannu ya zauna bakin rami. Ba ya hira, tunda ba ya jin ta. Ba ya kallon mata masu wucewa. Igiya kawai.

Da bazara muna ƙara wa wata tsohuwar rijiya zurfi a Gatawa, mun kai gaba ashirin da biyu. Da safe mun saukar da fitila ta ci lafiya, na shiga. Wajen hantsi na ji wani irin daɗi ya rufe ni, jikina sakayau, dagi ya daina nauyi. Ashe waƙa nake yi. Su Wada a sama suna ta dariya wai yau Gafiya ya tashi da farin ciki. Halliru ya ga bakinsu ya tambayi abin dariya. Wada ya dafa kunne ya kwaikwayi mai waƙa, ya nuna rami. Halliru ya san ni tun muna tsirara, bai taɓa ganin na yi waƙa ba ko ranar aurena. Kuma ya lura guga ya daɗe bai motsa ba. A wurin aikinsu an koya musu cewa mutumin da iska ta ƙare masa ba ya kuka, murna yake yi.

Ban ja igiya ba. Shi ya miƙe ya daka musu tsawa da muryar da yake zaunar da mutum ɗari uku, suka kama suka jawo ni. Na fito ina zaginsa, ina cewa saura kaɗan in kai ruwa. Ya juya mini baya ya ɗaura fitila a igiyar guga ya saukar. Ba ta kai rabi ba ta mutu.

Wada bai ƙara maganar kurma ba. Ni ma ban yi godiya ba, bai nema ba.

Kumburin ƙafar ya sauka bayan shekara guda da barin jirgi, jijiyoyin dai suna nan. Tarin bai tafi ba. Barci har yau ba shi da lokaci, yakan zo masa inda ya ga dama, ban da bakin rijiya. Shekara goma sha tara ya riƙe mini igiya, har bayansa ya ƙi, nawa ma ya ƙi. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai taɓa cewa bai yi ba. Na tambaye shi sau ɗaya da hannu ko yana kewar sama, ya ce abin da yake kewa kiran salla.

Ranar nan ta Gatawa, bayan na huta mun yi wa ramin fifita da buhu har fitila ta yarda ta ci, na sake ɗaura igiya za ni koma. Ina zura ƙafa sai ga ƙarar jirgi can sama, ya nufi gabas. Masu jan guga, matan da ke jiran ruwa da tuluna, duk suka ɗaga kai suna kare rana da hannu. Wata ta ce ga jirgin Direba nan. Na dubi Halliru. Yana zaune ya tokare ƙafa da gungume, kansa a ƙasa, yana gyara naɗin igiya a tafin hannunsa. Ya ɗago ya ga ina kallonsa, ya yi mini alama da haɓa in sauka, rana na yi.

Na sauka.